Neman burauzar da za ta yarda da kwamfutar Baba

Kwamfutar tafi-da-gidanka da Baba ya bari, Allah ya jiƙansa, ƙirar 2006 ce. Baƙa ce mai nauyi, harafin A da na N sun goge a kan madannai saboda yawan bugu, wajen da yake ɗora tafin hannunsa na dama kuma ya yi sulɓi har yana ƙyalli. Windows XP ce a kanta, ƙwaƙwalwarta (wato furosesa) Core Duo, RAM ɗinta, wato wurin da take riƙe aikin da take yi a lokacin, gigabait 2. Har yau in na danna maɓalli tana tashi ba gardama, ta buɗe rubuce-rubucensa, ta kuma yi aiki da tsohuwar sikanarsa, wadda duk sababbin kwamfutocin da na jona ta da su suka ƙi gane ta. Wannan sikanar ce ta sa kwamfutar ba ta taɓa shiga akwati ba. Tana ɗaukar rubutun hannu tsaf, har da inda alƙalami ya ɗan tsaya ya bar ɗigon tawada.

Ranar da matsalar ta fara cin raina, tsofaffin wasiƙun Baba nake ɗauka ɗaya bayan ɗaya ina so in tura wa 'yan'uwana. Na jona kwamfutar da intanet, na buɗe burauzarta, wato manhajar buɗe shafukan intanet, Internet Explorer 8, wadda ita ce ta ƙarshe da XP ke iya ɗauka. Shafin imel ya ƙi buɗewa. Na gwada Wikipedia, shiru. Na gwada shafukan labarai guda huɗu, duk saƙo ɗaya suke ba ni, wai ba a iya nuna shafin. Ƙanena yana gefe yana kallona, sai ya ce, "Yaya, ka haƙura da ita haka nan. Ta yi iya yinta." Na ce masa injin da ya tashi, ya buɗe fayil, ya ɗauki hoto, ban yarda ya mutu ba. Akwai dai abin da ya shiga tsakaninsa da intanet, kuma sai na san ko mene ne.

Abu na farko da na gano ƙarami ne ƙwarai, kuma da na san shi tun farko da na huta da wahalar yini guda. A ƙasan allo ta hannun dama, agogon kwamfutar yana cewa 1 ga Janairu, 2006. A cikin kowace kwamfuta akwai ɗan batiri mai siffar kwabo, galibi CR2032, wanda ke riƙe lokaci in an kashe ta. Nata ya daɗe da ƙarewa, don haka duk sanda ta tashi sai ta koma ranar haihuwarta. To, kowane shafi mai kwaɗon tsaro yana gabatar da takardar shaida, kuma takardar tana ɗauke da ranar da ta fara aiki da ranar da za ta ƙare. Kwamfutar da ke zaton tana 2006, in aka nuna mata takardar da aka bayar bana, dole ta ce ba ta yarda ba, domin a lissafinta ranar ma ba ta zo ba. Na kwance murfin ƙasa, na tarar da batirin a naɗe cikin baƙar leda da 'yan wayoyi biyu, ja da baƙa, na canza shi, na gyara kwanan wata. Duk wanda ya zo mini da tsohuwar kwamfuta yanzu yana kukan kuskuren takardar shaida, agogo nake fara dubawa kafin komai.

Na gyara agogo, amma tsugune ba ta ƙare ba. Kafin burauza da sabar da ke riƙe da shafi su fara musayar komai, sai sun gaisa sun daidaita kan irin yaren sirrin da za su yi magana da shi. Sunan wannan tsari TLS. Sigar 1.0 ta fito a 1999, sigar 1.2 a 2008, sigar 1.3 a 2018. Internet Explorer 8 a kan XP ba ta wuce 1.0 ba. A shekarar 2020 manyan burauzoji suka yi watsi da 1.0 da 1.1 saboda rauninsu, sabobi da yawa ma suka rufe musu ƙofa. Saboda haka burauzar Baba tana yin sallama da yaren da babu mai amsa shi kuma. Ba saitin da za ka taɓa a cikinta ya gyara wannan. Sai dai wata burauzar.

A nan ne mutum ke shiga tsaka mai wuya, domin burauzar da za ka sauko da sabuwa da ita, ita ce ba ta buɗe komai. Dole ka nemi wata kwamfutar, ka sauke fayil ɗin a can, ka kawo shi a filash. Kuma a nan na yi kuskuren da nake roƙon kowa ya guje masa. Na rubuta abin da nake nema a injin bincike, na faɗa wani shafi mai tara tsofaffin manhajoji, mai katon koren maɓalli a tsakiya. Na sauke, na kawo, na ɗora. Burauzar ta zo, amma ba ita kaɗai ta zo ba. Shafin farko ya canza zuwa wani injin bincike da ban taɓa ji ba, tallace-tallace suka riƙa fitowa ko ban buɗe komai ba, fankar kwamfutar ta kama ihu ba tsayawa. Sai da na cire wayar intanet, na kwashe takardun Baba kaf zuwa wani faifai, na kwana ina goge abin da na jawo. Abin ya yi mini ciwo sosai, domin masu irin wannan shafi sun san sarai su wa ke neman tsofaffin manhajoji: mutanen da kwamfutarsu ba ta da sauran kariya. Su suke yi wa tarko. Tun daga ranar ba na ɗaukar burauza sai daga hannun masu yin ta. Mozilla, alal misali, tana da rumbun da ta ajiye tsofaffin sigogin Firefox, kowa na iya shiga ya ɗauki wadda yake so.

Iyakar da manyan kamfanoni suka tsaya wa XP da Vista a bayyane take. Microsoft ta daina kula da XP ranar 8 ga Afrilu, 2014. Chrome ta tsaya a siga ta 49, a 2016. Opera ta tsaya a 36. Firefox ce ta fi jimawa, ta kai 52.9 a layinta na dogon tallafi da ake kira ESR, wadda ta fito a watan Yunin 2018. Na ɗora Chrome 49 da Firefox 52.9 duka biyun, na riƙa buɗe shafi ɗaya a kowacce, sai na ga abin da ya ɗaure mini kai. Shafin da Firefox ta buɗe lafiya, Chrome sai ta yi jan gargaɗi ta ce haɗin ba amintacce ba ne, alhali dukansu sun iya TLS 1.2.

Na daɗe kafin in fahimci dalilin. Takardar shaidar shafi ba ta tsayawa da ƙafarta, sai wata hukuma ta sa mata hannu, ita ma hukumar wata ta sa mata, har a kai ga tushe. Kowace kwamfuta tana da jerin tushen da ta amince da su. Chrome ta wancan lokaci jerin da ke cikin Windows take dubawa, shi kuwa jerin XP ya tsufa tare da ita. Firefox da nata jerin take yawo. Ranar 30 ga Satumba, 2021, wani tsohon tushe mai suna DST Root CA X3 ya ƙare. Shi ne tsofaffin na'urori ke dogara da shi wajen amincewa da takardun Let's Encrypt, wadda ke bai wa ɗimbin shafuka takardar shaida kyauta. Magajinsa, ISRG Root X1, yana cikin Firefox tun siga ta 50, amma babu shi a jerin XP. Rana ɗaya tak, shafuka masu yawan gaske suka rufe wa tsofaffin kwamfutoci da wayoyi, ba tare da an taɓa komai a cikinsu ba. Ana iya ɗauko sabon tushen a shigar da shi Windows da hannu, na kuma yi hakan ya yi aiki. Sai dai in za ka yi, ka tabbatar daga shafin masu shi ka ɗauko, domin shigar da tushe tamkar miƙa mabuɗin gida ne. Duk abin da ya sa wa hannu, kwamfutarka za ta karɓa ido rufe.

Na zauna da Firefox 52.9 na ɗan lokaci ina ganin na tsira. Wikipedia ta buɗe, shafukan da rubutu ya fi yawa a cikinsu suka buɗe. Sai na koma shafin imel. Kwaɗon tsaro ya fito, sunan shafin ya fito a sama, amma allon fari fat. Babu gargaɗi, babu saƙon kuskure, babu ko layi ɗaya. Wannan ya fi jan gargaɗin ban takaici, don shi gargaɗi aƙalla yana gaya maka inda za ka duba. Ƙanena ne ya nuna mini in danna F12. Wani ɗan taga ya buɗe a ƙasa, da jan rubutu layi ɗaya: SyntaxError, sai sunan fayil da lambar layi. Muka bi lambar, muka tarar da alamomi biyu a manne, alamar tambaya da ɗigo. Wannan gajeriyar hanya ce da aka ƙara wa JavaScript, yaren da ake rubuta shirye-shiryen shafuka da shi, a 2020, Chrome ta fara gane ta a siga ta 80, Firefox a ta 74. Burauzar 2018 ba ta san ta ba. Kuma halin JavaScript ne in ya ci karo da rubutun da bai iya karantawa ba, ya ajiye fayil ɗin gaba ɗaya, ba layin kaɗai ba. Yawancin shafukan yau kuwa ba sa aiko maka da rubutun a shirye, suna aiko da shirin da zai gina shafin ne a cikin kwamfutarka. Shirin ya faɗi, shafin bai ginu ba. Alamomi biyu kacal suka tsaya tsakanina da akwatin saƙonnina.

Akwai dabarar da ake yawan ba mutane, wato ka sa burauzarka ta yi ƙaryar suna, ta gaya wa shafi cewa ita sabuwar siga ce. Tana aiki ne kawai a shafin da ke duba suna a bakin ƙofa ya kore ka. In matsalar a cikin yaren take, canza suna ba ya koya wa burauza abin da ba ta sani ba. Na ɓata lokaci a kan wannan, kada ka ɓata naka.

Daga nan na shiga duniyar da ban san da ita ba, ta mutanen da ke ɗaukar tushen manyan burauzoji, tunda a buɗe yake ga kowa, su gyara shi ya yi aiki a inda kamfanonin suka bari. Supermium an gina ta ne a kan Chromium na zamani, wato tushen Chrome, kuma tana tashi a kan XP da Vista da Windows 7. Mypal 68 daga Firefox 68 ta samo asali, an kuma yi ta ƙara mata abubuwan da shafukan yau ke nema. New Moon da Serpent dangin burauzojin Pale Moon da Basilisk ne da aka mayar wa XP, bayan ita Pale Moon ɗin ta bar XP tun 2016. Ranar da na ɗora Supermium na ga akwatin imel ɗina ya buɗe a kan allon Baba, na yi shiru na ɗan lokaci ina kallo. Na tura wasiƙu uku na farko a daren.

Amma gaskiya ɗaya ce, Supermium ta yi wa wannan kwamfuta nauyi. Shafi ɗaya lafiya, biyu da haƙuri, na uku sai fitilar faifai ta kama ta ƙi mutuwa, ka matsa linzami ya ɗauki daƙiƙoƙi kafin ya motsa. Injin Chromium yana raba aiki gida-gida don tsaro, kowane gida kuma da rabonsa na RAM, gigabait 2 ba ta isa wannan rabo. Mypal ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, ita nake buɗewa kullum, in wani shafi ya gagare ta sannan in rufe ta in kira Supermium. New Moon ta fi su duka sauƙi, ita ce kuma ta fi yawan cin karo da farin allo. Ban samu guda ɗaya da ta haɗa komai ba, kuma na daina nema. Burauza biyu ko uku a tsohuwar kwamfuta ba almubazzaranci ba ne, kowacce da inda take da amfani.

Wani abokina da ya ga abin da na yi ya kawo tasa, ta tebur, wadda ta girmi ta Baba. Muka ɗora Supermium, muka danna, ko motsi. Muka ɗora Firefox 52, ita ma ta ƙi. XP ɗaya ce da tawa, to me ya bambanta? Ƙwaƙwalwar ce. Tasa Athlon XP ce, ba ta da wani rukunin umarni da ake kira SSE2, wanda ya zo da Pentium 4 a 2000, AMD kuma ta sa shi a Athlon 64 a 2003. Pentium III ma ba ta da shi. Firefox ta wajabta shi a kan Windows tun siga ta 49. Wannan a jikin ƙarfen yake, ba manhajar da za ta ƙara shi. Abin da ya cece shi shi ne New Moon tana da nau'in da aka haɗa musamman don irin waɗannan ƙwaƙwalen. Ya samu ya karanta labarai da ita, bidiyo kuwa muka bar maganarsa. Don haka kafin ka sauke komai ka san abu uku game da kwamfutarka: wace Windows ce, mai bit 32 ce ko 64, kuma wace ƙwaƙwalwa ce a ciki. Rabin wahalar da na sha daga rashin sanin waɗannan ta fito.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a duk wannan tafiya, wanda kuma ba na so a karanta sunayen da na lissafa a wuce shi. Burauza ita ce manhajar da ke ganin komai naka. Kalmar sirrinka ta cikinta take wucewa, saƙonninka a cikinta suke buɗewa. Waɗannan burauzojin da na ambata, mafi yawansu mutum ɗaya ne ko 'yan kaɗan ke riƙe da su, a lokacin hutunsu, ba albashi. Ina ganin girmansu ƙwarai, don sun yi wa mutane irina aikin da ba wanda ya tilasta musu. Amma manyan burauzoji suna fitar da sabuwar siga kusan kowane mako huɗu, da gyaran gaggawa a tsakani in an gano ɓaraka. Mutum ɗaya ba zai iya bin wannan gudu kullum ba. Zai yi rashin lafiya, aiki zai yi masa yawa, wata rana ma zai gaji. Masu tsofaffin Mac na PowerPC sun ga haka: burauzar TenFourFox ta riƙe su shekara da shekaru, a 2021 mai yin ta ya sanar da cewa ya ajiye aikin. Ba laifinsa ba ne, ya yi abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya tun da daɗewa.

Ko da burauzar ta kasance sabuwa fil, ƙasan da take tsaye a kai tsoho ne. XP ba ta samun gyara. A watan Mayun 2017, lokacin da WannaCry, muguwar manhaja mai kulle fayilolin mutane, ta bazu a duniya ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama, sai da Microsoft ta fitar wa XP gyara na musamman duk da ta daina kula da ita shekara uku kafin nan. Irin wannan ba kullum ake yi ba. Saboda haka na ja wa kaina layi, kuma ban taɓa tsallake shi ba. A kwamfutar Baba ina karatu, ina bincike, ina sauraron abin da nake so. Ba na shiga banki, ba na sayen komai da kati, ba na buɗe babban imel ɗina wanda sauran asusuna ke rataye a kansa. Na buɗe wani imel daban don tura takardu kawai. Ina shiga Windows da asusu mai ƙaramin iko, wanda ba ya iya ɗora manhaja. Duk fayil ɗin da zan kawo, sai na fara loda shi a VirusTotal, shafin da ke duba fayil ko yana ɗauke da muguwar manhaja, daga wata kwamfutar. In na gama abin da nake yi, na zare wayar intanet. Wani zai ce wannan tsoro ya yi yawa. Ni na ga abin da koren maɓalli ɗaya ya yi mini, kuma abin da ke cikin wannan faifai ba shi da madadi.

Masu Windows 7 da 8.1 nasu da sauƙi. Yayata tana da ta tebur mai Windows 7, cikin rabin sa'a na gama da ita. Chrome da Edge sun tsaya musu a siga ta 109, a farkon 2023. Firefox ta tsaya a 115 ESR, kuma Mozilla ta yi ta ɗage ranar daina yi mata gyaran tsaro fiye da sau ɗaya saboda yawan masu amfani da ita. Ita na ɗora mata. Abin lura kawai, ranar 14 ga Maris, 2025, wata takardar tushe ta cikin Firefox kanta ta ƙare, duk wanda tasa ba ta kai 115.13 ba a wannan layi sai ƙananan manhajojin da ya ƙara wa burauzar su daina aiki. Yayata ta ce mini, "To ni yanzu me zan riƙa yi?" Na ce, "Yaya, in ta ce a sabunta ta, ki bar ta ta sabunta, shi ke nan."

Bayan an samu burauzar da ke buɗe shafi, sauran yaƙin na nauyi ne. Abin da ya fi canza mini rayuwa da wannan kwamfuta shi ne uBlock Origin, ƙaramar manhajar da ake ƙara wa burauza don toshe tallace-tallace. Na gwada shafin labarai ɗaya da ita da kuma babu ita. Babu ita, fanka na ihu, rubutun na tsalle sama da ƙasa yayin da tallace-tallace ke shigowa. Da ita, labarin ya fito ya zauna. Ashe yawancin abin da kwamfutar ke fama da shi ba labarin ba ne, kayan da aka lafta masa ne. Bidiyo kuma ya danganta da yadda aka matse shi. Sababbin hanyoyi irin VP9 da AV1 suna cin ƙarfin ƙwaƙwalwa sosai, tsohuwar hanyar H.264 ta fi sauƙi, akwai kuma ƙaramar manhaja mai suna h264ify da ke sa YouTube ya aiko da ita. Da wannan, in na tsaya a 360p, Core Duo tana nuna bidiyo ba tsinkewa. Wajen bincike ina amfani da sassauƙan shafin DuckDuckGo wanda ba ya buƙatar JavaScript. Irin waɗannan sassauƙan ƙofofi suna raguwa, Gmail ma ta rufe tata a farkon 2024, shi ya sa nake riƙe waɗanda suka rage da hannu biyu.

Akwai kuma burauzojin da tun asali ba su ɗauki nauyin duk wannan ba. Lynx, wadda aka fara a Jami'ar Kansas a 1992, rubutu zalla take nunawa, kuma har yau ana kula da ita. NetSurf da Dillo suna nuna hoto da tsari amma ba su damu da manyan shirye-shiryen JavaScript ba. Na buɗe wani dogon rubutu a NetSurf, ya fito kafin in ɗauke yatsa daga maɓalli. A kan kwamfutar da ake cewa ta gaji ne fa. Wannan ya tsaya mini a rai kwana da kwanaki. Rubutun da nake son karantawa bai fi nauyin wasiƙar Baba ɗaya ba, ƙarfin karanta shi kuma yana nan a injin tun 2006.

Ƙanena bai bar ni ba sai da na gwada Linux, babbar manhajar da ake ɗorawa a madadin Windows, kuma yana da gaskiya. In ba wata na'ura ko manhaja ce ta ɗaure ka da tsohuwar Windows ba, wannan ita ce hanya mafi tsafta, domin kana samun babbar manhaja mai samun gyara da burauza daga hannun masu ita. Kwamfutar da ke da Core 2 Duo ko abin da ya biyo baya tana ɗaukar bit 64, ƙofa a buɗe take gare ta. Tawa Core Duo ce, bit 32 kaɗai, nan ma wurin yana ƙara matsewa. Chrome ta bar Linux mai bit 32 tun 2016. A cikin nau'o'in Linux, Debian 12 ta 2023 tana da nau'in da ake ɗorawa a irin wannan inji, Debian 13 ta 2025 ba ta da shi. Mozilla ma ta sanar a 2025 cewa za ta daina fitar da Firefox don Linux mai bit 32. Na raba faifan gida biyu, na ɗora antiX, wani nau'in Linux mara nauyi, a gefe guda, na bar XP a ɗayan saboda sikana. In na kunna kwamfutar tana tambayata wanne nake so.

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 10 ma ta kai ƙarshen tallafinta na yau da kullum, Windows 11 kuma tana neman wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar da kwamfutoci da yawa masu lafiya ba su da ita. Burauzoji ba sa barin babbar manhaja a ranar da mai ita ya bar ta, Chrome ta ƙara shekara biyu a kan XP, ta ƙara uku a kan Windows 7. Amma ranar tana zuwa, kuma mutane da yawa da ba su taɓa jin sunan Supermium ba za su fara nemansa. Na riga na tanadi filash ɗaya na rubuta masa suna, a ciki akwai fayilolin ɗora burauzojin da na gwada na yarda da su, da takardar ISRG Root X1, da ɗan rubutu na abin da ya yi aiki a kan wace kwamfuta.

Wasiƙun Baba 214 ne. In na gama ɗaukarsu a XP, sai in sake kunna kwamfutar in shiga antiX, in tura. Ta ƙarshe da na ɗauka rabin shafi ce, ya rubuta wa ƙaninsa, tawadar ta fara dusashewa a gefen da aka ninke. Na ƙara mata haske kaɗan a sikana har kalmomin suka fito, na aika wa Baffa. Da safe ya kira ni, ya ce in sake turo masa da girma, yana so ya buga ta a takarda.